Kalmomin da ke kuɓuce wa Baba

Shekara uku ke nan da Baba, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyarwa a nan Jos, ya fara laluben sunayen abubuwa a tsakiyar magana. Ranar da hankalina ya tashi, zai yi alwalar Magariba, ga buta a gabansa, amma sunanta ya gagare shi, sai ya ce, "Miƙo mini abin ruwan nan." Mun ɗauka tsufa ne, wasu dangi ma suka ce sammu ne, har likita ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa ya nuna mana yadda ɓangaren hagu, inda sarrafa magana yake, ke ƙanƙancewa a hankali. Cutar, wadda ake kira PPA (primary progressive aphasia a Turance, wato cutar ƙwaƙwalwa mai raunana magana a hankali), Dakta Marsel Mesulam ne ya fara bayyana ta a Amurka a 1982, kuma har yau ba ta da maganin warkewa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, Baba yana gane kowa, yana zuwa masallaci da ƙafarsa, ya kuma san abin da yake son faɗa. Mun haɗa masa littafin hotuna. Jiya da safe ya daɗe leɓɓansa na motsi, daga baya ya kama hannuna ya ɗora a kan hoton kofin shayi.