Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar Godiya a Cikin Marubuta Waƙa

A makon jiya na tsaya ne a kan yadda kaɗaici ya kai ni ga wani zauren marubuta waƙa da ke haɗuwa a ɗakin karatu na unguwarmu, a birnin Peoria da ke jihar Illinois ta ƙasar Amurka. Yau zan ba da labarin yadda na tashi daga baƙuwa na koma 'yar gida a wannan zaure, kuma abin ya tabbata ne a lokacin kaka, sa'ad da ganyen bishiyoyi ya gama rinewa ya zube, sanyi kuma ya fara shiga ƙashi.

Mutanen zauren ba su da yawa, kuma galibinsu sun girme ni nesa. Akwai wata dattijuwa da ta yi ritaya daga koyarwa, wadda ita ce ke jan ragamar zama, kuma tun farko nake kiran ta Mama saboda bakina ya ƙi kama sunanta tsirara, duk da cewa haka al'adarsu take. Akwai wani tsoho da ya ƙare ƙuruciyarsa a masana'antar ƙera manyan injina, da wata baƙar fata ma'aikaciyar jinya wadda iyayenta suka yi ƙaura daga jihar Misisipi. Ƙa'idarsu ita ce wanda ya karanta waƙarsa ya yi shiru, sauran su tattauna ta baiti bayan baiti, kuma ba zai kare kansa ba sai sun gama. Wannan ƙa'ida ta koya mini haƙurin sauraro fiye da duk wata nasiha da aka taɓa yi mini.

Yawancinsu ba sa damuwa da amsa-amo, ni kuwa na taso ne da rubutacciyar waƙar Hausa wadda ba ta tsayuwa sai da kari da ƙafiya, kuma takan buɗe da yabon Ubangiji da salati kafin a shiga jigo. Da Mama ta gane haka, sai ta nemi in riƙa karanta waƙata da Hausa tukuna, kafin in bayyana ma'anarta da Turanci. Tsohon nan yakan rufe ido yana buga yatsa a kan tebur, kuma duk inda kari ya karye sai ya ɗaga kai ya dube ni, alhali ko gaisuwa bai iya ba da Hausa. A ganina, wanda ya ba wa aikinka kunne irin haka ya ba ka abin da ya fi yabo daraja.

Da watan Nuwamba ya kama, sai aka sanar da cewa zaman ƙarshe kafin Ranar Godiya, wato bikin shekara-shekara da iyalai a Amurka ke taruwa su ci abinci tare su yi godiya, za a yi shi ne a gidan Mama, kowa ya zo da kayan zaƙi da kuma waƙa guda a kan godiya. Ranar Godiya tana faɗowa ne a Alhamis ta huɗu ta Nuwamba, kamar yadda majalisar dokokin ƙasar ta tsayar a 1941, amma tun a 1863 ne Shugaba Abraham Lincoln ya ayyana ta ranar ƙasa baki ɗaya, ana tsakiyar yaƙin basasa. Mama takan yi alfahari da cewa mace marubuciya kuma editar mujalla, Sarah Josepha Hale, ita ce ta shafe shekaru tana aika wasiƙu ga shugabanni har aka amince da haka, kuma ita Sarah ɗin ma marubuciyar waƙa ce.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a teburin nan shi ne kabewa. Ni dai a miyar taushe na san ta, tare da yakuwa da gyaɗa da tattasai, amma a nan an dama ta da madara da ƙwai da sukari, an zuba mata kirfa da citta da kanumfari, sannan an gasa ta a cikin ɓawon fulawa har ta daskare ana yanka ta da wuƙa. Mutanen yankin suna ji da ita ƙwarai, domin jihar Illinois ce kan gaba wajen noman kabewa a Amurka, kuma a garin Morton da ke kusa da mu akwai babbar masana'antar da ke niƙa ta tana zubawa a gwangwani. Ma'aikaciyar jinyar kuwa ba ta yarda kabewa ce sarauniyar tebur ba. Ta kawo irin wannan gashin, amma na dankalin Hausa, ta ce a gidajen baƙaƙen fata na kudancin ƙasar shi ne abin da uwa ke koya wa 'yarta, kuma ita daga hannun kakarta ta karɓa. Akwai kuma na tuffa, da na wani ɗan itace mai maiƙo da ake kira pecan, wanda zaƙinsa ya kusa fin ƙarfina.

Kafin in miƙa hannu, sai Mama ta ja ni gefe ta ce, "'Yata, ki ci hankalinki kwance. Na kira kowa na gaya masa kada ya sa kitsen alade a ɓawon, kuma kada giya ta shiga ko'ina." Ashe yawancin tsofaffin girke-girkensu da kitsen alade ake murza fulawar, kuma wasu sukan ɗiga barasa a cikin na pecan ɗin. Ban taɓa roƙon su wannan ba, ban ma san ya kamata in tambaya ba. Tsohon nan ya bar yadda marigayiya matarsa take yi, ya koma man shanu saboda ni, kuma ya faɗi haka ne kawai domin in gafarta masa idan ɓawon ya yi tauri.

Ni kuma alkaki na kai, wanda na yi da ɓarzajjiyar alkamar da na samo a shagon Larabawa, na tsoma shi a zuma. Na gaya musu cewa a wurinmu yana cikin garar amarya, sai suka yi ta tambaya a kan biki da dangi har shayi ya huce.

Waƙoƙin daren ba duka ne na farin ciki ba. Wata matashiya ta karanta tata a kan mutanen Wampanoag, wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar, waɗanda suka ci abinci tare da Turawan da suka zo suka zauna a garin Plymouth a 1621, cin abincin da ake danganta asalin Ranar Godiya da shi, kuma daga baya cuta da yaƙi da ƙwacen ƙasa suka durƙusar da su. Ta tuna mana cewa tun 1970 wasu 'yan asalin ƙasar suke taruwa a Plymouth a wannan rana domin makoki. Babu wanda ya katse ta ko ya nemi sassauta maganarta, kuma na ƙara girmama zauren saboda hakan.

Da layi ya zo kaina, na karanta waƙa 'yar ƙwar biyu, wato mai layi biyu a kowane baiti, wadda na buɗe da godiya ga Allah kamar yadda aka koya mini, na bi da mahaifana, sannan na ambaci kowanne daga cikinsu da abin da ya yi mini. A daren ne Mama ta sa sunana a jerin masu jagorantar zama, ta ba ni watan Janairu. Yadda na jagoranci wannan zama, da yadda na sa dattawan nan suka gwada rubuta tahamisi, wato ƙara layuka a kan baitin wani har ya cika biyar, da Turanci, shi zan kawo muku a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.