Ranar da aka ce ba ni da ladabi a Amurka

A watannina na farko a unguwar Bronx ta birnin New York, shugabar wurin aikinmu ta kira ni gefe ta ce abokan aiki suna kuka da ni, wai ina yi musu magana kamar mai ba da umarni. Har yau in na tuna sai raina ya sosu, domin ni ɗan Bagalam ne a Maradi, na tashi a gidan da yaro ba ya gaida babba a tsaye, kuma a wurinmu wanda ya ce ba ka da ladabi iyayenka ya zaga.

Laifin da aka ɗora mini shi ne ina cewa "give me" ko "wait", kamar yadda muka koya a kwaleji. A Nijar da Faransanci muke karatu, Ingilishi kuwa darasi ne na 'yan sa'o'i a mako. Mutanen nan ba su cika neman abu kai tsaye ba, sai sun naɗe buƙatarsu cikin tambaya, kuma wadda na fi ji a bakinsu ita ce "would you mind", aikatau ya biyo baya da "ing" a ƙarshensa, kamar "Would you mind closing the door?" In kuma izini mutum yake nema don kansa, sai ya ce "Do you mind if I sit here?" Abin da ake tambaya shi ne ko abin zai dame ka, saboda haka wanda ya yarda "no" yake cewa, ko "not at all", wanda ya ce "yes" kuwa ya hana ke nan. Su kansu sukan amsa da "sure" alhali yarda suke nufi, abin da ke ƙara rikita baƙo. Idan kuwa maigidanka a wurin aiki ne ya ce maka "would you mind", umarni ya ba ka, ko da ya yi murmushi.

Wani dattijo Bahaushen Gana da muke haɗuwa a masallacin Juma'a shi ya warware mini. Ya ce, "Yaro, ka ɗauka an ce maka in ba damuwa, kai kuma ka amsa ba komai." Nan take na tuna da "ça vous dérange" na Faransanci, wanda ƙirarsu ɗaya, amma babu mushe, wato malamin makaranta, da ya taɓa haɗa mana su a aji.

Yanzu bakina ya saba, har sababbin zuwa daga Nijar ni suke nema in yi musu tafinta, kuma ina alfahari da hakan. Sai dai ban yarda an yi mini adalci ba. Matar da ta kai ƙarata tana wuce ni kowace safiya ba gaisuwa, ba ta taɓa tambayar lafiyar mahaifiyata ba. A kasuwar Maradi kafin in ce wa mai shago "ba ni sukari", na riga na tambaye shi kwana, da gajiya, da iyali, da kasuwa, shi ya sa "ba ni" ɗin ba ta da kaifi. A nan ba a tsayawa gaisuwa, sai aka bar ni da "ba ni" tsirara, aka auna tarbiyyata da ita.

Ban taɓa faɗa wa Inna wannan magana ba, don na san ba za ta yi barci ba, ita da ta sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta riƙe mu bayan rasuwar Baba. Ƙanwata kawai ta sani. Tana shirin jarrabawar BEPC ta kammala kwaleji, kuma kowace Lahadi nakan aika mata saƙon murya ta WhatsApp da irin waɗannan jimloli, ta maimaita, in gyara mata. Ƙanena kuma ya matsa sai ya biyo ni, na ce masa ya fara zama kusa da ita in muna darasi, sannan mu yi zancen biza.