Ashe ba maganin ba ne, ruwan da aka kawo shi a ciki ne

Duk wanda yake aiki a kan mutuwar ƙwayoyin garkuwar jiki kuma LDH (furotin da ke zubowa waje idan ƙwaya ta fashe) kaɗai yake aunawa, don Allah ya tsaya ya ji wannan, don ni har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Aikina a lab ɗinmu a kan payiroptosis ne, mutuwar nan da makrofej, ƙwayar garkuwar jiki mai haɗiye ƙwayoyin cuta, ke yi da gangan idan bakteriya ta shige ta, ta fashe ta watsar da sinadaran kumburi don sauran garkuwar jiki ta farka. Salmonella Typhimurium muke amfani da ita, 'yar uwar mai kawo taifot, mu zuba wa makrofej da muka raina daga ɓargon ɓeraye. Wannan ɓangaren lafiya lau yake tafiya, furotin caspase-1 ya tashi ya yanka wani furotin mai suna gasdermin D, guntun gaban ya je ya huda fatar ƙwayar, shikenan. Kowa a harkar ya san haka tun 2015 da lab ɗin Feng Shao a Beijing da su Vishva Dixit a Genentech suka fito da shi kusan lokaci ɗaya.

To sai wasu abokan aikinmu na wata jami'a suka aiko mana da wani antibodi (furotin garkuwar jiki mai kama abu takamaimai) da suka tace da kansu, wai suna kyautata zaton zai toshe ramin gasdermin D. Na zuba, na auna LDH a ruwan saman farantin, kai, sai ga lamba ta faɗo ƙasa warwas. Na ƙara yawansa ta ƙara faɗuwa, na rage ta hau. Na maimaita, haka dai. Wallahi a lokacin ko barci ba na yi sosai don murna, domin wanda ya san fagen nan ya san yadda ake neman abin da zai riƙe furotin ɗin nan ruwa a jallo saboda cututtuka irin su sefsis, inda kumburin da jiki ya tayar da kansa ke kashe mutum. Abin da ake da shi bai taka kara ya karya ba. Disulfiram, tsohon maganin nan na masu son daina giya, a 2020 su Hao Wu da Judy Lieberman suka nuna yana manne wa gasdermin D a wani gurbi mai suna Cys191 ya hana shi yin rami, amma shi ba ya zaɓe, furotin da yawa yake kamawa. Maganin MCC950 kuma da aka sa wa rai a kan NLRP3, wani furotin mai tayar da caspase-1, matsalar hanta ce ta tsayar da gwajinsa a jikin mutane. Saboda haka oga na har ya fara maganar rubuta takarda, ni kuma na riga na tsara hotunan a kwamfuta.

Da na zo cike gurbi ne kawai, don kar masu duba takarda su yi surutu, na zuba rinin nan propidium iodide, mai rina ƙwaya ja idan fatarta ta hudu, na leƙa a madubin lab. Gaba ɗaya farantin ja ne jawur, har da ramukan da na fi zuba wa antibodin. Ƙwayoyin sun mutu murus, sun kumbura sun yi suntum kamar ledar fiya wota da aka tsikara da allura, tana yoyo amma ba ta fashe ba. Na auna IL-1β, sinadarin kumburin da ke fita ta ramin, yana nan a waje yadda yake, ko ɗigo bai ragu ba. Ramin a buɗe yake kenan, antibodin bai taɓa shi ba. To me ya hana LDH fita?

Wata yaya da ta girme mu a lab ɗin ce ta kalli hoton ta ce, "Ƙanina, a cikin wane ruwa suka aiko maka da shi?" Kwalbar ba ta ce komai ba sai sunan antibodin da yawan furotin. Na tura imel, amsa ta zo a layi ɗaya ba ko a jikinsu, wai da ruwan gilaisin (wani amino asid) 0.1 M suka wanko shi daga kolum ɗin tacewa suka daidaita tsaminsa da sinadarin Tris, ba su sauya ruwan ba. Ni kuma kashi 1 cikin 20 nake zubawa a mafi yawa. Ku lissafa da kanku, 5 mM kenan, daidai adadin da mutane ke zubawa da gangan idan suna so su hana ƙwaya fashewa. Ni da nake ganin lamba tana bin yawan magani, ashe yawan gilaisin take bi.

Abin haushin, wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun 2006 Fink da Cookson suka nuna gilaisin na hana makrofej fashewa bayan Salmonella ba tare da ya hana ramin ba. Ramin gasdermin D faɗinsa wajen nanomita 21 ne, IL-1β mai nauyin 17 kDa yana wucewa salin alin, shi kuwa LDH mai kusan 140 kDa ba ya shiga, sai fatar ta yage gaba ɗaya. Kuma yagewar ma aikin wani furotin ne daban, NINJ1, wanda Kayagaki da abokansa suka gano a 2021, a 2022 kuma aka nuna gilaisin shi yake hana wa taruwa. Na san duk wannan, na karanta, amma wa zai kawo wa ransa cewa abin yana zaune a cikin kwalbar da aka ba shi? Kwantirol ɗina, wato ruwan da nake kwatantawa da shi, PBS ne, ruwan gishirin lab, saboda haka aka saba a lab, kowa ya ɗauka antibodi a PBS yake zuwa. Na haɗa ruwan gilaisin da Tris zalla ba antibodi, na zuba, LDH ta faɗi daidai yadda ta faɗi da farko. Na tace antibodin na mayar da shi PBS, bai yi komai ba, ko kaɗan. Watanni da ɓeraye da kuɗin kit duk sun tafi a kan layi ɗaya da ba a rubuta a jikin kwalba ba.

Yanzu ba na yarda da LDH ita kaɗai ko da wa ya kawo min. Farantin da na auna LDH, a shi nake duba rini, a shi nake ɗibar ruwan IL-1β, sannan in yi bulot, gwajin raba furotin bisa nauyi, in ga ko gasdermin D ya tashi daga 53 kDa ya koma guntun nan na wajen 31. Idan LDH kaɗai ta sauka, to NINJ1 ka taɓa ko wani abu makamancinsa, ba ramin ba. Ba wai hakan banza ba ne fa, a 2023 an nuna antibodin da ke riƙe NINJ1 yana rage lalacewar hanta a ɓeraye, amma magana ce daban, kar ka kira shi maganin gasdermin.

Abokan aikin namu sun ce suna da wani sabon antibodin za su aiko. Na ce to, amma su haɗo da kwalba ta biyu ta ruwan zalla da cikakken bayanin abin da ke ciki, in ba haka ba ko firiza ba zan buɗe masa ba. Oga ya ce na cika zafi a imel ɗin, na ce ranka ya daɗe a bar shi haka.