Wasiƙa Daga Birmingham Zuwa Jos: Inda Kuɗin Cefane Yake Zubewa

Zuwa ga iyayena, yayyena da ƙannena mazauna Jos da kewaye,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina rubuto muku ne daga birnin Birmingham na ƙasar Ingila, inda nake aikin kula da tsofaffi tun shekarar 2022. Duk ranar da na kira gida, da zarar an gama tambayar lafiya da ta yara, maganar da ke biyo baya ɗaya ce, wato kuɗi ba ya auki. Albashi yana shigowa a ƙarshen wata, amma kafin goma ga watan gaba an fara rubuta bashi a shagon unguwa.

Ban ɗora wa kowa laifin wannan hali ba, domin na san inda ya samo asali. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 a shekarar 2024. Dalar da ake samu a kan kusan naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a 2024, kuma a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta zarce kashi 40 cikin ɗari. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a watan Yulin 2024, amma kowa ya san abin da kuɗin zai iya saye a kasuwar Taminus. Akwai gidajen da babu abin da ya rage musu da za su tsuke, kuma ba su nake yi wa nasiha ba, su taimako ya kamace su. Maganata tana kan mai ɗan abin hannu, wanda kuɗinsa ke zubewa ta ƙananan kafofin da bai lura da su ba.

Na iso ƙasar nan daidai lokacin da su ma tsada ta kama su, domin a watan Oktoban 2022 hauhawar farashi a nan ta kai kashi 11.1 cikin ɗari, abin da suka shekara arba'in ba su gani ba. A wannan hunturun ne wata abokiyar aikina ta nuna mini wani abu a kanti wanda har yau nake tunani a kansa. A jikin kantar da ake jera kaya, ƙarƙashin farashin da aka rubuta da manyan lambobi, akwai wani ƙaramin rubutu da ke nuna kuɗin kilo ɗaya ko lita ɗaya na wannan kayan. Ta ɗora yatsanta a kai, ta ce da ni in daina kallon babban rubutun. Da na fara bin ƙaramin, sai na gane cewa ƙaramar ledar shinkafar da nake ɗauka saboda tana da araha a ido ita ce mafi tsada a duk layin.

A gida babu mai rubuta mana wannan ƙaramin rubutu, sai dai mu yi lissafin da kanmu. Man gyaɗa na ƙulli, sukari na ƙulli, madara da garin sabulu na 'yar leda, magi na naira hamsin, awon mudu ɗaya kullum da safe: duk wanda ya zauna ya haɗa kuɗinsu na wata guda, ya kwatanta da kuɗin galan ko katan ko buhu, zai ga cewa mai saye kaɗan-kaɗan shi ne yake biyan farashi mafi yawa. Mai shago bai zalunce shi ba, domin shi ma ya biya kuɗin mota, ya sayi leda, ya zauna yini guda, kuma dole ya ci riba a kan kowane ƙulli. Abin da ke damuna shi ne, talaka ne ake tilasta wa wannan saye, domin ba shi da kuɗin buhu a lokaci ɗaya.

Maganin wannan ba daga Turai zai zo ba, yana nan cikin abin da muka tashi muka tarar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan gida ɗaya ba zai iya sayen buhun shinkafa ko jarkar manja ba, gidaje huɗu ko biyar za su iya, a auna a tsakar gida a gaban kowa, a raba kuɗin ɗauko kaya daidai. Adashin da muke yi shekara da shekaru domin kayan ɗaki da ankon biki, ina roƙon a buɗe irinsa na abinci, a tsara kwasarsa ta faɗo a lokacin kaka. Wanda ya kwashi adashi a watan Nuwamba ko Disamba, ya nufi kasuwar Mangu ranar Juma'a ko kasuwar Jengre ya sayi masara, ba ɗaya yake da wanda zai sayi mudu-mudu a kasuwar Katako ta Jos cikin watan Yuli ba, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo kuma bai nuna ba. Gaskiya ne cewa ba kowace shekara farashi yake bin wannan hanya ba, kuma an sha ganin waɗanda suka ɓoye hatsi domin riba sun tafka asara. Saboda haka sayen ci nake nufi, gwargwadon bakunan da ke gidan, ba sayen ɓoyo ba. Musulminmu da Kiristanmu duk mun san labarin Annabi Yusuf da shekaru bakwai na yalwa da aka yi tanadi a cikinsu.

Sai dai saye a kaka ba shi da amfani idan ƙwari za su raba hatsin da mai shi. A tabbatar ya bushe sosai, a ɗora buhu a kan katako nesa da bango da ƙasa. Wake kuwa, wanda ya fi komai saurin lalacewa, a zuba shi a jarka mai tsabta wadda ta bushe, a cika ta har baki, a toshe murfin da leda yadda iska ba za ta shiga ba, ko a nemi buhun PICS mai leda biyu a ciki. Ƙwaron da bai samu iska ba mutuwa yake yi, ba tare da an zuba ko ɗigon magani ba. Ina roƙonku da girman Allah ku guji yayyafa wa abinci maganin ƙwari na feshi. Saboda ragowar irin wannan guba ne Tarayyar Turai ta hana shigo da busasshen wake daga Najeriya a 2015, kuma abin da aka ƙi ba baƙo bai kamata mu ba 'ya'yanmu ba.

Mutumin Jos yana da wata gata da mazauna Abuja da Legas suke biya da tsada, domin kayan lambu a ƙofar gidansa suke. Dankalin turawa daga Bokkos da Mangu, kabeji, karas, koren wake da tumatir, da yawansu ta kasuwar Farin Gada suke bi kafin a loda su zuwa kudu. Ina tuna yadda Inna take yi a unguwarmu ta Gangare idan sanyi ya fara ja baya, tumatirin rani ya cika kasuwa har masu shi suna neman wanda zai ɗauka. Takan sayo kwando biyu, mu zauna da wuƙaƙe muna tsaga kowane ɗaya gida biyu, muna jerawa a kan tabarma fuskarsa sama, ta barbaɗa ɗan gishiri, ta sa ƙaramin cikinmu gadin kaji. Bayan kwanaki kaɗan na iskar hunturu da rana, kwando biyun nan sai su koma kauɗar da ba ta cika buhu ɗaya ba. Haka take yi da tattasai, da attaruhu, da kuɓewa. Idan damina ta sauka, tumatir huɗu suka koma kuɗin mudun gari, ita sai dai ta jiƙa kauɗarta a ruwan ɗumi ta aika markaɗe. Wanda ya ga yadda tumatir ya gagari mutane a tsakiyar 2024 ya san darajar wannan aiki. Ba ya buƙatar wuta, ba ya buƙatar firji, rana da haƙuri kawai yake ci.

Batun wuta kuma, a ɗakina na nan akwai wata 'yar na'ura da ke nuna kuɗin da ake ƙonawa a kowane lokaci, kuma da na kunna butar dafa ruwa nake ganin lambobin suna gudu. Ita ta koya mini cewa duk abin da ke kawo zafi shi ne ke shan wuta: hita, dutsen guga, da murhun lantarki. Tun da hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ɗaga farashin rukunin Band A, wato waɗanda suka fi samun wuta, zuwa naira 225 a kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, kafin a ɗan sassauta, wannan lissafi ya zama dole ga duk mai mitar kati. A Jos, inda sanyin Disamba da Janairu ba ya barin mutum ya yi wanka da ruwan sanyi, hita ce babbar mai cin kuɗi. A dafa ruwa sau ɗaya a zuba a manyan filas, maimakon kowa ya jona nasa, kuma baƙar jarka da aka cika aka ajiye a rana tun hantsi takan ba da ruwan wankan yara da la'asar. A tara guga a yi ta rana ɗaya. Ƙwan fitila shida masu wat 60, idan suna ci awa shida kullum, suna shan kusan yunit 65 a wata, alhali shida na LED masu wat 9 ba su wuce yunit 10 ba. Wanda har yanzu ake kawo masa bil na ƙiyasi, ya dage ya nemi mita, domin tsimin da ba a aunawa ba ya rage masa ko sisi.

A kicin ma haka abin yake, ko gas ake amfani da shi ko gawayi. Waken da ya kwana a jiƙe ba ya daɗewa a wuta, tukunyar da aka rufe ta fi buɗaɗɗiya saurin nuna, kuma shinkafar da ta tafasa ruwanta ya kusa tsotsewa, idan aka sauke aka naɗe tukunyar da tsohon bargo, da zafinta za ta ƙarasa. Abu guda ne ba na so a yi da sunan tsimi, wato shigar da kaskon gawayi cikin ɗaki a rufe ƙofa da taga saboda sanyi. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kashe mutum yana barci.

Waya ta zama wani bakin da ake ciyarwa a kowane gida, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da data a watan Janairun 2025. A hana WhatsApp sauke bidiyo da kansa, a duba ko akwai wani tsarin da ke sabunta kansa yana cire kuɗi a ɓoye, a kuma kwatanta kuɗin datar wata da na ta kullum kafin a saya. Cire kuɗi sau biyar a mako a wajen mai POS caji biyar ne, alhali sau ɗaya zai wadatar.

Yanzu na zo kan abin da ya fi yi mini nauyin faɗa. Na ga gidan da ake auna man miya da cokali, amma a wata guda uwargida ta fitar da kuɗin anko uku, domin kada a ce ba ta yi kara ba. Na ga uban da ya ci bashin shekara biyu saboda kamu da dina da walimar yini uku. Zumunci wajibi ne, kuma ban ce a daina zuwa biki ko suna ba, amma zuwan mutum da addu'arsa da ɗan abin da ya sawwaƙa su ne zumuncin, ba atamfar da za a sa sau ɗaya a jefa a akwati ba. Wannan gyara ba zai yiwu daga mutum ɗaya ba, domin wadda ta ƙi yin anko ita kaɗai za a yi da ita. Iyayenmu mata da manyan dangi ne za su iya yanke magana, su ce a zuri'arsu an taƙaita, sai kowa ya samu inuwar fakewa. Mafi muni kuma shi ne a cike giɓin da bashin manhajojin waya, masu ba da kuɗi cikin minti biyar da ruwa mai nauyi, waɗanda idan an makara suke aika saƙon cin mutunci ga duk lambar da ke wayar mutum. Kuɗin makaranta na Satumba, da azumi, da Sallah, da Kirsimeti, babu wanda yake zuwa ba zato a cikinsu, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Asusu ko adashin da aka fara wata shida kafin lokaci ya fi kowane rance sauƙi.

Ga 'yan uwana da ke waje masu aika kuɗi gida, ina da shawarar da na gwada da kaina. Da can nakan aika kaɗan-kaɗan duk wata, kuɗin ya narke a cefanen kullum ba a ga abin da aka yi da shi ba. Bara sai na zauna da Yaya ta waya, muka rubuta abin da gidan ke ci a wata, daga masara da shinkafa har mai da sabulu, na tara na wata uku na aika a dunƙule a farkon Disamba. Ita da maƙwabtanta biyu suka ɗauki mota ɗaya zuwa Mangu, suka raba kuɗin motar uku. Bana mun ƙara da kuɗin kwandunan tumatir da tattasai, waɗanda zan aika idan Fabrairu ta kama, kuma na roƙi Inna ta zaunar da jikokinta mata da maza a bakin tabarma, ta nuna musu yadda ake tsagawa da yadda ake gane kauɗa ta bushe.

Ina gaida kowa da kowa, manya da yara. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da Filato lafiya.

Taku,
'yar Gangare mazauniyar Birmingham