Wasiƙa daga Ingila kan jarrabawar sababbin malamai

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana na ƙasar Ringim. Da fatan an kai amfanin gona gida lafiya. Mu nan Birmingham sanyi ya kankama, kafin ƙarfe biyar duhu ya rufa.

Ƙanwata ce ta sa ni wannan rubutu. Ta gama NCE, tana shirin zana jarrabawar TRCN, wato hukumar rajistar malamai ta ƙasa, wadda sai da ita ake samun rajista da lasisin koyarwa. Tun 2017 aka fara ta, kuma a kwamfuta ake yi. Da ta kira ni na ɗauka kan manhaja ko tsara darasi za ta yi tambaya. Ashe so take ta ji ko ana iya gogewa in mutum ya danna kuskure. Shekara uku tana karatun koyarwa, amma linzamin kwamfuta ne ke hana ta barci, ga kuɗin rajista, ga na mota zuwa birni, ga kwana a gidan dangi.

Kada a ɗauka ina adawa da gwaji. A 2017 gwamnatin El-Rufai ta ba malaman firamare kusan 33,000 tambayoyin 'yan aji huɗu a Kaduna, sama da 21,000 suka kasa kai kashi 75 cikin ɗari. An sha muhawara kan korar da ta biyo baya, amma duk uban da ya taɓa buɗe littafin ɗansa ya ga jan biron malam ya gyara daidai ya mai da shi kuskure, ya san akwai gyara. Kuma mun san masu shiga aikin da takardar wani babba.

To amma ku ji yadda abin yake a nan. Su ma sun daɗe suna yi wa masu neman koyarwa gwajin lissafi da Turanci a kwamfuta, sai suka soke shi a 2020. Har yanzu sai ka ci darussan nan biyu a jarrabawar sakandare, amma nauyin ya koma cikin aji. Sabon malami, bayan ya karɓi shaidarsa, sai ya yi shekara biyu a hannun gogaggen malami, a rage masa kashi 10 na darussa a shekarar farko, kashi 5 a ta biyu, don ya samu lokacin koyo.

Watana na farko da fara koyarwa a nan, shugabar sashenmu ta zauna a bayan aji da ɗan littafinta. Na koyar, na fito ina jin na burge. Sai ta tambaye ni ko na lura yaron da ke bakin taga bai ce uffan ba har aka kaɗa ƙararrawa. Wallahi ban ma san yana nan ba. Na daɗe ina riƙe alli a gida, ba wanda ya taɓa yi mini irin wannan tambaya. Lokacin da muka je TP, wato gwajin koyarwa na ɗalibta, sau ɗaya mai duba mu ya leƙo, ya sa hannu, ya hau babur ɗinsa.

Ajin da ƙanwata za ta shiga kuwa, yara sun fi ɗari, wasu a ƙasa, wasu an fitar da su gindin darbejiya, kuma Hausa suke ji. Za ta iya karya rake ta nuna musu rabi da kwata har na can baya ya gane? Kwamfuta ba ta da idon ganin wannan.

Roƙona ga SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi, a riƙa haɗa sabon malami da tsohon hannu. Tsofaffin hedimastoci suna nan a majalisar ƙofar gida, da ɗan alawus za su yi.

Ƙanwata dai na tura mata kuɗi ta je shagon da ake cike JAMB ta saba da linzamin. Na kuma roƙi Baba hedimasta, in Allah Ya sa ta samu aiki, ya riƙa zama a bayan ajinta ko sau ɗaya a mako. Ya ce sai dai in na aiko masa da sabon tabarau.

Ɗanku da ke Birmingham.