Ƙosan ɗari, ƙosan hamsin

Asabar, 15 ga Ramadan 1446 (15 ga Maris, 2025)

Alhamdu lillahi, na iso Kano lafiya, azumi kuma ya raba tsakiya. An idar da asham, ƙafafuna duk sun kumbura saboda zaman mota, amma ba na son in kwanta ban rubuta abin da na gani yau ba. Tun daga Zuba har ƙofar gidanmu magana ɗaya ce ta yi ta bi na, wato kuɗin kayan buɗa baki.

A tasha aka fara. Muna jiran mota ta cika, wani bawan Allah mai sayar da takalma da ke zaune kusa da ni ya ce shi gida zai gudu ya ƙarasa azuminsa inda ake tsoron Allah. Wai jiya a Wuse ya sayi ƙosai biyar da kunun gyaɗa roba ɗaya, aka ce ya kawo dubu ɗaya da ɗari biyar. "Mutanen Abuja ba su da imani," in ji shi, "da an ga wata sai su wasa wuƙa." Kusan duk 'yan motar suka mara masa baya. Ni ban tanka ba, don bakin mai azumi ba ya son musu, kuma kuɗin da ya faɗa ba ƙarya ba ne. A Kubwa inda nake zaune ƙosai ɗaya naira ɗari ne. In ka shiga cikin gari kuwa, irin su Wuse 2 da Maitama, aka zuba maka a roba mai murfi aka haɗa da cokali, to sai abin da suka yanka maka.

Sai dai na san matar da nake saye a wurinta a Kubwa, na kuma san yadda take fama. Ruwan da take wanke wake da shi a wajen 'yan garuwa take saye, jarka-jarka. Ɗan wurin da take ɗora kaskonta haya take biyan mai shagon da ke bayanta. Da gas take suya, domin masu gidajen layin ba sa yarda da hayaƙin itace. Injin markaɗe fetur yake sha, fetur ɗin da kafin ranar 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, ana sayen litarsa ƙasa da naira 200, yau kuwa a gidajen man da muka wuce yana kai-kawo ne a kusa da 900. Waken kansa ba a Abuja aka noma shi ba. Daga Dawanau ko kasuwannin Jigawa da Yobe aka ɗoro shi a babbar mota mai shan dizal, ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, dillali ya ci nasa, ɗan dako ya ci nasa, direba ya ajiye na goro a shingayen hanya. Kafin waken nan ya zama ƙullu a bokitinta hannu nawa ya bi? Ni ban ga rashin imani a ƙosanta na ɗari ba.

Kuma ba komai ne ya fi tsada a Abuja ba, abin da mai takalma bai faɗa ba ke nan. Kafin mu tashi na leƙa kasuwar kayan marmari ta Zuba na yi wa Hajiya tsarabar lemo da ayaba da abarba, saboda na san a 'Yan Lemo ta Na'ibawa sai na ƙara kuɗi a kai. Lemon daga Binuwai yake fitowa, ayaba da abarba daga kudu, to Abuja suke fara tararwa kafin su yi arewa. Haka doya. A Tafa na ga tulinta a bakin titi, kuɗin da aka faɗa mini na ƙwarya guda, wato doya ɗari, da a Kano ne sai mutum ya ɗauka wasa ake yi. Shi ya sa soyayyiyar doya da ƙwai ba ta da wani tsada a gefen Abuja, a Kano kuwa ta zama abin marmari.

Hanyar Abuja zuwa Kaduna ta ba mu wahala, har yanzu aikinta bai ƙare ba. Daga Kaduna zuwa Zariya har Kano kuwa sumul. Na ɗan yi barci, ban farka ba sai a Kwanar Gafan, inda kwandunan tumatir suka cika gefen titi ja wur, manyan motoci suna lodi za su yi Legas. Yanzu ne lokacinsa, noman ranin Kadawa ya nuna.

A Kura direba ya tsaya muka yi la'asar. Bayan masallacin, ƙarƙashin wata dalbejiya, wata mata ta hura wuta da kara tana suya, 'yarta da ba ta wuce shekara goma ba ta ɗauko faranti ta nufo motarmu. Ƙosai uku naira ɗari, manya-manya, suna tururi, ga yaji a ƙulle cikin 'yar leda. Awara ma haka. Mai takalma ya juyo ya dube ni ya ce, "Malam, ka gani ko? Nan ne musulunci yake." Ya sayi na ɗari biyar yana ta sa albarka.

Ni kuma na ƙarasa wajen matar, na gaishe ta na ce, "Inna, sannu da aiki. Ana samu kuwa a haka?"

Ta share gumi da gefen zane ta ce, "To ɗan nan, in an mayar da kuɗin mai, yara suka sha ruwa da ragowar, ai an gode Allah."

Na tambaye ta wake fa, ta ce na gonar maigida ne. Kara yara ne suka ɗebo. Ruwa na rijiya ne. Inuwar bishiya ba mai karɓar haya. Yarinyar nan kuma tun da aka ba da hutun makaranta saboda azumi, kamar yadda Kano da Katsina da Bauchi da Kebbi suka yi bana, ita ce mai talla, ba a biyanta ko sisi. Ita kanta matar tun hantsi take surfe da wanki da kai markaɗe, da azumi a bakinta, ga zafin wuta ga zafin rana, amma ba ta sa wahalarta a lissafi ba. Arahar da muke yabo daga jikinta take fita. Abin ya tsaya mini a rai har muka wuce Ƙarfi. Na so a ce mai takalma ya zo ya ji da kunnensa, amma yana can yana cinikin kankana.

Na sauka a Unguwa Uku, ɗan sahu ya kawo ni Gyaɗi-Gyaɗi. Hajiya ta yi murna da tsaraba, musamman abarbar. Ban ko zauna ba ta ce in ja ƙanena mu fita mu sayo ƙanƙara da ƙosai, don yau ba ta samu damar yin ƙullu ba.

Wanda bai ga bakin titin unguwarmu da yammacin azumi ba an bar shi a baya. Kasko na bin kasko, hayaƙi ya haɗu da ƙura, ƙamshin man gyaɗa da na albasa yana jarraba mai azumi. Ga masu dankali da ƙwai, ga masu awara, ga bokitan kunun tsamiya an rufe da zane don kada su huce, ga zoɓo da lamurje da kunun aya a gorunan roba, ga mai gurasa yana yayyafa ƙuli, ga baron dabino, ga kankana an yanka an ɗaure a farar leda. Mai tsire bai fara ba tukuna, shi sai an sha ruwa kasuwarsa ke buɗewa.

Muka je wajen Gwaggo mai ƙosai, wadda tun muna yara muke kai mata kwano. Naira hamsin ɗaya, rabin kuɗin Kubwa. Amma da ta kwaso a matsami na ga girmansa bai fi ƙwan zabo ba. Biyu a nan ne za su yi ɗaya na can, kuma na Kura ɗaya ya kusa ninka shi. Na ce, "Gwaggo, ya na ga ƙosan naki ya rame?"

Ta yi dariya ta ce, "Kai dai bari. Wake ya ɗan sauko a kan bara, ba mu ƙi ta Allah ba. Man gyaɗa ne ya ƙi mu, ga gawayi, ga kuɗin markaɗe. In na ce ɗari, wa zai saya? Ga shi can ana rabawa kyauta a ƙofar masallaci."

Gaskiya ta faɗa, kuma ban taɓa jin wanda ya yi bayanin abin a taƙaice kamarta ba. A Kano da azumi kusan kowane layi akwai gidan da ake fito da koko da ƙosai sadaka, maƙwabta suna aika wa juna kwano, ga cibiyoyin ciyarwa na gwamnati da na masu hali. Mai sayarwa ba ta isa ta ɗaga kuɗi yadda take so ba. Sannan ƙananan kuɗi sun mutu, naira goma da ashirin ba sa sayen komai, ba ma a cika ganinsu ba. Daga hamsin ba wani mataki sai ɗari. Tunda ba ta iya ninka kuɗin ba, sai ta rage cokali. A Abuja kuma, inda yawancin masu saye 'yan albashi ne da ke tura kuɗi ta waya, aka bar girman aka ninka kuɗin. Matsalar ɗaya ce, kowa ya bi ta inda kasuwarsa za ta ɗauka.

Muna tsaye wani dattijo mai gyaran takalmi ya zo, ya zaro naira ɗari biyu daga aljihun gaba, duk ta yamutse. Ya ce a ba shi na ɗari biyu, a taimaka a yi masa gyara, yara ne da yawa. Gwaggo ta sa masa huɗu, ta ƙara biyu, ta haɗa da 'yan ɓarɓashin da ke gindin kwando, ba ta ko ɗaga kai ba. A Kubwa ba a san gyara ba, abin da ka biya shi za ka ɗauka. Sai dai duk da gyaran, ƙananan ƙosai shida ne zai shiga da su gidan da ke cike da masu azumi. Wanda ya ce Kano akwai araha ya fara tambayar nawa mutumin nan ya samu tun safe. An ce mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 tun watan Yulin 2024, Kano ma ta sa nata 71,000, amma shi ba ya cikin masu albashi, Gwaggo ma haka, matar Kura ma haka.

Inda raina ya ɓaci shi ne wajen ƙanƙara. Ƙullin da nake saye ɗari biyu a Kubwa, nan ɗari biyar aka ce, kuma ƙanena ya ce da mun fito ƙarfe huɗu ɗari uku ne. Na yarda wuta ba ta zama, na yarda masu yin ta ko dai janareta suke kunnawa ko suna kan layin Band A, na masu samun wuta sosai, da aka ninka wa kuɗi fiye da sau uku a watan Afrilun bara, na kuma yarda zafin Kano a watan Maris ba irin na Abuja ba ne. Amma wannan bai bayyana dalilin da zai sa kuɗi ya tashi tsakanin la'asar da magariba ba. Ƙishin mutane aka duba aka ƙara, kuma wannan kam zalunci ne, ko a wane gari aka yi shi. Mun saya dole, tunda Hajiya ba ta iya shan zoɓo da ɗumi.

Dabino ya fi sauƙi a nan a kan Abuja, ɗan Agadas da digila duka, saboda ta Nijar suke shigowa, Kano ce zangon farko. Duk da haka mai baron ya ce da sefa ake saro shi, kuma tun da naira ta faɗi a 2023 jakar sefa ɗaya, wato sefa dubu, ta haura naira dubu biyu.

Bayan mun sha ruwa Hajiya ta sa na kira mata ɗan ƙanwarta da ke Maraɗi. Da suka gama gaisawa na karɓi wayar na tambaye shi ƙosai nawa a wajensu. Ya ce dala biyar, wato sefa ashirin da biyar. Na buga lissafi, ya ɗan fi hamsin ɗinmu. Ya ce su abin da ya dame su a watan nan ba ƙosai ba ne, man fetur ne, layi ake kwana a gidajen mai, ɗan bumburutun da a da ake kawo musu daga Najeriya kuma ya daina araha, kuɗin kabu-kabu ya tashi, komai na kasuwa ya bi shi. Ya ce in tambayo masa kuɗin buhun sukari a Kasuwar Singa, in akwai sauƙi zai aiko a saya masa. Hajiya ma ta ba ni nata saƙon na gero da tsamiya, don haka jibi in Allah ya kai mu zan fita da wuri kafin rana ta yi zafi.