Godiya bayan fitowar sakamakon NEBOSH

Alhamdu lillahi, sakamakon NEBOSH, jarrabawar kiyaye lafiya da kauce wa haɗari a wurin aiki, ya fito, Allah ya ba da sa'a. Waɗanda suka bi mu tun farko sun san irin faman da aka sha, ba sai na maimaita ba. Saura shirin tsayawa gaban ma'aikata a koya musu kiyaye haɗari.

Godiyata ta farko ga Baba mai walda, ko da ya hana a ambace shi. A shagonsa na yi aikin tantance haɗari da jarrabawar ke buƙata. Ina ta rubuta tabarau da safar hannu, sai ya ajiye aikinsa, ya ja ni gaban tulun oksijin, ya nuna mini maiƙo a bakin makunnin. Mai ko giris in ya haɗu da oksijin mai matsi yana iya kamawa da wuta ba ashana. Ya nuna mini tulun asitilin, gas ɗin walda, a tsaye ɗaure da sarƙa, don ba a kwantar da shi, da yadda ake shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo: in ya yi kumfa, gas na yoyo. Ko sisi bai karɓa ba. Baba, Allah ya kare ka da yaranka daga wuta da ƙarfe, ya sa ka gama lafiya.

Masu shirin zama jarrabawar, ku riƙe wannan. Jarrabawar rubutu awa 24 ce, littafi a buɗe, amma labarin wani wurin aiki ake ba ka, kuma daga cikinsa ake son amsa ta fito. Kwafar littafi ba ta kawo maki. Bayan nan akwai hirar bidiyo don a tabbatar kai ka rubuta, saboda haka a tanadi caji da data. Inda mutane suka fi zubar da maki shi ne farawa da kayan kariya, alhali su ne na ƙarshe. Ana fara kawar da haɗarin ne, in bai yiwu ba a musanya shi, sannan garkuwar inji, sannan tsarin aiki da horo.

Uwargida, ke kika hana yara ƙwanƙwasa ƙofa daren jarrabawar, Allah ya saka miki da Aljanna. Yaya da ya cika mini kuɗin rajista, Allah ya ninka masa. 'Yan uwan da ko waya ba su buga ba, mun yi musu uzuri, ko da yake an ji shirun. Waɗanda za su sake zama, Allah ya ba ku a wannan karon, amin.